Inda Fuskarsa Take Kallo

Sana'ata kafinta ce, amma shekara talatin da 'yan kai ina cikin masu haƙan kabari a unguwarmu a Funtuwa. Ba a biyanmu, don lada muke yi. Ko idona a rufe na san yadda ake kwantar da mamaci: kai kudu, ƙafa arewa, a kan gefen dama, fuska gabas. In da la'asar aka binne mutum, rana tana bayansa.

Ɗana na fari ya rasu a Kuala Lumpur a shekara ta biyu ta korona. Ba na faɗin sunansa, kamar yadda ubana bai taɓa faɗin nawa ba. Yaron nake ce masa. Karatun labarin ƙasa ya je yi. Abokin zamansa, Bitrus, wani Kirista ɗan Filato, shi ya tsaya daga bayan shinge ya ɗauko mana jana'izar a waya. Mutum huɗu cikin fararen riguna na leda, fuskokinsu a rufe, suka saukar da akwati. Bitrus yana cewa, "Baba, ga kansa ta nan, fuskarsa tana kallon can. Yanzu la'asar sakaliya ce."

Na dubi can ɗin. Rana ce a wurin, ta yi ƙasa, ja, tana shirin faɗuwa.

Uwarsa ta kalla sau ɗaya, ta ce alhamdulillahi an yi masa sutura. Ni na kalla ya fi sau ɗari, ban gaya wa kowa abin da na gani ba. Baƙi sun kwantar mini da yaro ya juya wa alƙibla baya. Ban zarge su ba, lokacin gawa ta yi yawa, masu aiki sun gaji. Amma da aka buɗe ƙasar a shekarar da ta biyo, abokan karatunsa suka nemo mini takardun zuwa in kwashe kayansa, sai na sa sabon likkafani a ƙasan jakata. Niyyata in roƙi a tone shi, in gyara masa kwanciya da hannuna.

Na sauka da rana, takunkumi a fuskata, kunnuwana a toshe. Iskar garin kamar an buɗe tukunyar tuwo a gaban mutum. Na haɗa azahar da la'asar a wani ɗan masallaci cikin filin jirgin, na bi sahu yadda na ga ana bi. Ba taga, ba rana, ban san kudu ba ban san arewa ba. A bakin ƙofa na ga wani dogon saurayi riƙe da kwali an rubuta Funtuwa. Bitrus ne. Ya durƙusa har ƙasa. Na miƙa masa hannu, ya tsaya yana shakka saboda cutar, sannan ya kama da hannu biyu.

"Sannu da hanya, Baba. Tafiyarku iri ɗaya da shi. Tun daga nesa na gane ku."

Gidansu a wata unguwa yake da ake kira Cheras, hawa na goma sha huɗu. Ban taɓa kwana sama da rufin shagona ba. Muna shiga Bitrus ya ji ina tari. Ya ɗauko wani ɗan tsinken gwajin korona ya ce in yi haƙuri, ya zura mini a hanci har hawaye ya zubo. Muka zauna muna kallon abin. Layi biyu suka fito, alamar na kamu.

Bitrus ya ajiye abin gwajin.

"Kwana bakwai ne kawai," ya ce. "Kun yi rigakafi, ba irin ta bara ba ce. Amma dai ba za ku fito daga ɗaki ba, Baba. Don Allah."

Haka aka rufe ni a ɗakin yaron. Bitrus bai taɓa komai a ciki ba tun ranar da motar asibiti ta zo. Hularsa tana rataye a ƙusa, ga takalmin soso, ga sallaya a naɗe, ga kwalbar yaji da uwarsa ta daka masa, saura rabi. A rufin ɗakin, can a kusurwa, akwai wata 'yar kibiya kore da aka manna. Na ɗauka alamar hanyar gudu ce in gobara ta tashi, irin wadda na gani a jirgi. Bango ɗaya kuma taswira ce ta cinye shi, daga gefen taga har kusan ƙasa, shuɗi ya fi yawa a cikinta.

Da asuba na tsaya a taga na jira har na ga inda gari ya fara fari. Ta ɓangaren bangon taswirar ne. Na shimfiɗa sallaya na fuskanci can.

Na san taswirar tun kafin in gan ta, don duk Juma'a yakan kira ni ya ba ni labarinta. Ostireliya ce a tsakiya, ƙasa guda kuma nahiya guda, kwance a ruwa kamar fatar sa da aka shanya. Yakan ce, "Baba, cikinta jan rairayi ne da ƙaya, ya fi arewacin Katsina bushewa. Mutanen duk sun zauna a gefe-gefe, kamar yara sun kewaye akushi, tsakiyar ba kowa." Ya ce akwai tafkuna da ba ruwa a cikinsu sai farin gishiri, sai an yi shekaru ruwa ya zo, tsuntsaye su taru daga inda ba wanda ya sani, su yi ƙwai, ruwan ya ƙafe, su watse. Ya ce lokacin da muke rawar sanyi su zafi suke sha, kuma a can in kana neman sanyi kudu za ka nufa. Wannan na ce masa ƙarya ne. Ya yi dariya har wayar ta katse.

Ya ba ni labarin mutanen asalin ƙasar, baƙaƙe kamarmu, waɗanda suke riƙe da hanyoyin rijiyoyin hamada a cikin waƙa, uba ya koya wa ɗa. Wanda ya manta baiti ya ɓata. Ya ce wasu Musulmi sun taɓa kai raƙuma can don dakon kaya, suka gina 'yan masallatai na kwano da laka a tsakiyar daji. Mota da jirgin ƙasa suka zo, aka saki raƙuman, yau jikokinsu suna yawo ba mai su.

Zazzaɓin yakan taso mini bayan azahar. In kwanta ina kallon bangon, ruwan sama yana dukan taga kamar ana watsa tsakuwa, sai shuɗin ya fara motsi. Na ga raƙuman suna tafiya a jere a kan farin gishiri, ba akala, ba kaya, ba sauti. Na ga babban tsibirin da yake saman Ostireliya, wanda yaron ya ce duwatsu ne da gajimare, kowane kwari da yarensa, mutanen wannan kwarin ba sa jin maganar na wancan. Na ga tsibirai biyu dogaye can ƙasa, inda ya ce tumaki sun fi mutane yawa kuma ƙasa tana fitar da tururi. Daga nan sai ƙananan, barbaje a cikin ruwa kamar an zubar da gero a tabarma. Ya zagaye wasu da jan biro. A mafarkin ina tafiya a kansu, ɗaya bayan ɗaya, ruwa iya idon sawu, ina neman inuwa.

Waɗannan ƙananan su ne karatunsa. Ya ce iri biyu ne: akwai masu tsayi da wuta ta haifa daga ƙarƙashin teku, akwai kuma na murjani, shimfiɗaɗɗu, waɗanda tudunsu mafi tsawo bai wuce soron gida ba. Teku tana hawa a hankali. Ta fara shiga rijiyoyi, ruwan sha ya koma gishiri, sannan gonakin gwaza, sannan maƙabartu. Ranar da ya gaya mini haka ya sassauta murya, don ya san aikina.

"Akwai inda in ruwa ya janye sai ka ga kawunan kaburbura a cikin teku, Baba. Wasu ƙauyukan sun tone iyayensu sun kai su tudu. Wasu ba su da tudun."

Na tambaye shi ko ya je ya gani. Ya ce tukuna, an rufe ko'ina, daga hotunan tauraron ɗan'adam yake aunawa. In an buɗe zai je. Bai taɓa taka ko ɗaya ba.

Sau uku a rana Bitrus yakan ƙwanƙwasa, ya ajiye abinci a bakin ƙofa, ya ja da baya ya zauna a ƙasa, mu yi hira ƙofa a tsakaninmu.

"Baba, makan! Wato a ci abinci ke nan. Na yo muku tapau, ƙunshin abinci, daga shagon abincin mamak, shinkafa da kaza."

"Wannan shinkafar da aka dafa da kwakwa? Ku ba ku san tuwo ba ne a garin nan?"

"Ai Auwal ya gwada. Ya sayo garin shinkafa a kasuwar Chow Kit ya ce yau zan ga tuwon Funtuwa. Kwana biyu muna kankare tukunya. Na ce masa, Malam, ka tsaya a taswira."

Na yi dariya, tari ya sarƙe ni. Haka kawai yake kiran sunan, kamar ba komai, ni kuwa duk kira sai na ji kamar an taɓa mini gyambo da ruwan ɗumi.

Wata rana ya ce, "Yana yawan cewa ku ne kuka fara koya masa jogirafi."

"Ni? Firamare kawai na gama."

"Wai kun ɗora shi a kan katangar maƙabarta yana ɗan shekara shida, kuka nuna masa gabas da yamma, kudu da arewa, kuka ce wanda ya san waɗannan huɗun ba zai ɓata ba."

Na tuna ranar. Na kuma tuna likkafanin da yake ƙasan jakata. A rana ta huɗu numfashina ya yi nauyi, na kwanta ina tunanin in na mutu a nan su waɗancan masu fararen rigunan ne za su ɗauke ni, su kwantar da ni yadda suka kwantar da shi, babu wanda zai zo ya gyara mu. Na yi niyyar gaya wa Bitrus, sai na ga nauyin ya yi masa yawa. Yaro ne da ya tsaya a bayan shinge shi kaɗai ya yi abin da zai iya. Salloli biyar ina yin su a gaban taswira, in na ɗago daga sujada tsibiran jan biro ne a saitin idona.

A rana ta takwas aka sake gwaji, layi ɗaya ya fito. Bitrus ya yi tsalle kamar an ci ƙwallo. Bayan azahar ya kira mota ta waya, muka bar dogayen gidaje, muka bi ta gonakin kwakwar manja, sahu-sahu har iya gani. Jakar tana kan cinyata.

Maƙabartar a gefen tudu take, ƙasarta ja ce mai danƙo, irin wadda take riƙe bakin diga. Kowane kabari da duwatsu biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Mai kula da wurin wani dattijo ne gajere, da zani ɗaure a ƙugu da takalmin roba. Bitrus ya kira shi Pakcik, ya ce kamar a ce baffa ke nan. Ya duba littafinsa, ya yi gaba muna biye, har ɓangaren da aka ware wa mutanen annoba. Sababbin kaburbura ne, da yawa, ciyawa ba ta gama rufe su ba.

Ya tsaya ya nuna. Na karanta sunan a jikin dutse.

Na yi sallama, na yi addu'a, sannan na ɗaga kai na nemi rana. Gajimare ya buɗe, ga ta nan ta karkata. Na dubi dutsen kai, na dubi na ƙafa. Yadda na gani a waya haka yake. Yamma yake kallo.

"Bitrus," na ce, "ka roƙar mini dattijon nan. Ka ce ni ma aikina ke nan a gida, ba faɗa na zo yi ba. An yi kuskure wajen kwantar da yaron. Ina so a ba ni izini in tone in gyara. Na zo da likkafani, ni kaɗai ma zan iya."

Bitrus ya zare ido. "Kuskure kamar yaya, Baba?"

"Ya ba wa gabas baya."

Ya juya ya faɗa wa dattijon, rabi Turanci rabi yarensu. Dattijon ya dube ni, ya dubi kabarin, ya girgiza kai da ƙarfi. Ya miƙa hannu ya share dukkan tudun da shi, yana cewa kiblat, kiblat, yana nuna wajen rana. Sai a lokacin na lura. Ba na yaron kaɗai ba ne. Na kusa da shi, da na gaba, da tsofaffin da gansakuka ta rufe can ƙasa, duk yamma suke kallo. Na ce a raina, gari guda na Musulmi, tun kakanninsu?

Bitrus ya dafe kai. "Wayyo, Baba. Shi ne abin da kuka riƙe shekara guda? Ku tsaya, ku tsaya." Ya tsuguna, ya tsinci kara, ya share jar ƙasa da tafin hannu. Ya ajiye tsakuwa ɗaya. "Ga Funtuwa." Ya ajiye wata a tsakiya. "Ga Makka." Ya matsa da nisa ya ajiye ta uku. "Ga mu nan. Da kuka taso, ina jirgi ya nufa?"

"Gabas."

"Kuka yi ta tafiya, kuka sauka a ƙasar Larabawa, kuka canja jirgi, kuka ƙara yin gabas awa bakwai. Baba, kun wuce Makka. Tana bayanku tun a hanya. Daga nan, in kuna son ku kalle ta, sai kun juyo."

Na tsuguna ina kallon tsakuwoyin uku. Ban taɓa zuwa Makka ba. Tun da na yi wayo, alƙibla ita ce inda rana take fitowa. Haka ubana ya nuna mini, haka na nuna wa yaron a kan katanga. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutum zai iya yin nisa har ya wuce ta ba.

"To in na kalli gabas daga nan, me nake kallo?"

"Ruwa. Da tsibiran Auwal. Ostireliya tana ɗan kudu da su." Ya tsaya. "Baba, a ɗaki ina kuke kallo? Ba ku ga kibiyar da ya manna a sama ba?"

"Ta gobara?"

Ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa, yana cewa in yafe masa. Dattijon ya matsa masa sai ya faɗa masa abin da ake ciki. Da ya ji, bai yi dariya ba. Ya tambaya, ta bakin Bitrus, wai da gaske a ƙasarmu matattu fitowar rana suke kallo? Na ce da gaske. Ya ce subhanallah, ya daɗe yana jinjina kai. Shi ma bai taɓa tunanin haka ba. Sannan ya kama hannuna ya juya tafin, ya shafa kantar da diga ta bari, ya buɗe nasa ya ajiye kusa da nawa. Ya ce a gaya mini yana nan ranar da aka kawo yaron. Ba a bar shi ya taɓa akwatin ba, amma shi ya ja igiyar awon ramin, kuma ya tambayi ma'aikatan asibiti sau biyu ko sun karkatar da shi dama a ciki, suka ce sun yi.

Na ce na gode.

Suka ja gefe suka bar ni. Na zauna a wajen kansa. Iska tana kaɗa wasu itatuwa masu fararen furanni, furen yana faɗowa a kan kaburbura ɗaya-ɗaya. Yaron yana kwance daidai, tun ranar farko. Ni ne na yi kwana bakwai ina ba Ka'aba baya, ina sujada ga Allah ta wajen tsibiran da bai samu zuwa ba. Yanzu suna bayansa, su da jan rairayin da raƙuman da tekun da take cin kaburbura. Shi a kan tudu yake.

Na sake duban tsakuwoyin Bitrus. Ta Funtuwa tana kallon ta tsakiya daga can, ta nan tana kallonta daga nan. Na daɗe a kansu kafin in ga abin da yake gabana. Duk asubar da na tsaya a masallacin unguwarmu cikin shekarar nan, zuciyata tana ciwo don yaron ya juya baya, ashe fuskarsa tana wajena. Ɗakin Allah ne kawai a tsakaninmu.

Na sa hannu a kan jar ƙasar. Da ɗumi.

"Auwalu," na ce. "Na zo."

Bakina ya ji sunan baƙo, kamar sabon takalmi. Na sake faɗa sau ɗaya, a hankali, na tashi.

Likkafanin na ba dattijon, na ce ya ajiye wa wani baƙo da zai rasu ba nasa a kusa. Ya karɓa da hannu biyu ya ce boleh, wato ba matsala. La'asar ta yi, ya ja ni zuwa 'yar rumfar da yake salla, ya shiga gaba, na tsaya a damansa, rana tana dukan fuskokinmu. Jikina yana ta so ya juya, na riƙe shi.

Da muka koma Cheras na ɗauke sallayar daga gaban taswira na bi kibiyar. Kwana uku na yi ina rama sallolin mako guda, ko da wani malami cikin ɗaliban ya ce ba dole ba ne tunda iyakar sanina na yi. Na kwashe littattafai da hula da kwalbar yaji. Taswirar na ce Bitrus ya riƙe, ya ƙi, ya naɗe mini ita cikin bututun kwali, ya ce in na bar ta Auwal zai zo masa a mafarki ya yi masa surutu.

Tana shagona yanzu, a bangon yamma, inda ƙurar katako ba ta kai wa sosai. Uwarsa ta tambaye ni yadda na samu kabarin. Na ce mata a kan tudu yake, akwai furanni, kuma yana kallonmu. Ta ɗauka lallashi ne. Na fita tsakar gida na tsinto tsakuwa uku.